Ok-ran Ba Ta Taɓa Shan Taba Ba

Duk yaron da ya yi ƙaramar sakandaren da ke bayan kasuwa a garin Gimhae cikin shekarun nan, da gumin Yeom Ok-ran a jikinsa, ko ya san ta ko bai san ta ba. Galibinsu ba su san ta ba. Abin da suke gani ta tagar rabon abinci shi ne farar hula, farin ƙyalle a baki, da hannu riƙe da ludayi. Shekara ashirin da 'yan kai ta yi a bayan wannan taga.

Ta shiga aikin ne a shekarar da ƙaramar masana'antar da mijinta Man-su ke yi wa aiki ta rufe, ya koma tuƙin motar kai kaya. 'Yarsu Su-bin tana ƙarama a lokacin, aikin kicin ɗin makaranta kuwa ana tashi da la'asar, uwa ta riga 'yarta isa gida. Shi ne kawai abin da ta duba. Mata shida ne suke dafa wa yara kusan ɗari tara, kullum shinkafa da miya da kimchi, wato tsimammen kabeji mai yaji, da mahaɗi biyu, kuma dole komai ya sauka kafin a kaɗa ƙararrawa.

Ita ce 'ya ta huɗu a gidan wani manomi, inda aka raine su a kan cewa macen da ake jin muryarta daga bayan katanga ta zubar da mutuncin gidansu. Ta riƙe wannan tarbiyya kam. Idan mai kanti ya ba ta ruɓaɓɓen kabeji, sai ta yanke wajen ruɓan ta yar, ba za ta mayar ba. Idan aka taka ta a cikin bas, ita ce mai ba da haƙuri. Kowa yabonta yake yi, ana cewa Maman Su-bin ba ta da matsala.

Ranar Laraba ita ce ranar suya, ranar da yara suka fi so. Tun da hantsi ake cika manyan kasake biyu da mai, a yi ta jefa kifi ko kaza da aka tsoma a kullun fulawa, kwando bayan kwando. Kafin a kai rabi hayaƙin mai ya turnuƙe ɗakin, na wannan gefe ba ya ganin fuskar na wancan. Akwai fankar zuƙe hayaƙi a saman kaskon, amma ƙara kawai ta iya. Tana ruri kamar jirgi zai tashi, hayaƙin kuwa yana nan inda yake. Kowace shekara sai an rubuta wa ofis, kowace shekara sai a ce baɗi.

Abokiyar suyarta ita ce Mal-sun, wadda ta girme ta da shekara bakwai, mace mai faɗin kafaɗa da bakin barkwanci. Ita ta koya mata yadda ake kawar da fuska in za a zuba kifi, da yadda ake danna jiƙaƙƙen tawul a wuya.

"Ok-ran," in ji ta wata Laraba, tana share hawayen hayaƙi da gwiwar hannu, "ranar da na mutu ki ce wa 'ya'yana kada su wahalar da kansu kai ni gidan ƙona gawa. Na riga na soyu ciki da waje."

"Haba Yaya, wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

"To ƙarya na yi? Jiya jikana ya rungume ni ya ce Kaka, ƙamshin kaza kike yi. Saura kaɗan ya gatsa ni."

Suka yi ta dariya har dariyar ta koma tari.

Ba wai ba a duba lafiyarsu ba ne. Kowace shekara sai sun je an ɗauki hoton ƙirjinsu, an duba hannuwansu, an tabbatar ba su da tarin fuka ko ciwon da zai bi ta abinci. Ok-ran takan dawo da takardar tana jin daɗi, a ganinta ai an duba ta. Sai daga baya ta gane cewa yaran ake karewa daga gare ta. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da kicin ɗin ke yi mata.

Mal-sun ta fara ramewa a wata bazara. Ta ce zafi ne. Da kaka ta zo ta ce tsufa ne. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi kusa da tukunyar miya aka kai ta babban asibiti, likitoci suka ce ciwon daji ne a huhu, ya riga ya kai ƙashi da ƙwaƙwalwa. Ba ta ga fitowar furanni ba, ta rasu. A wajen zaman makoki mutane suna cin miyar nama suna girgiza kai, suna cewa ikon ƙaddara, mace ko taba ba ta sha. Ok-ran ta taya rabon abinci a wajen, don hannunta bai san zama ba. Washegari ta koma kan kaskon da Seon-hwa, wata yarinya da ta daɗe tana aiki a kicin ɗin, a gefenta.

A hunturun da ya biyo baya ita ma ta fara tari. Busasshe ne, ba kaki, ba zazzaɓi, sai dai ba ya tafiya. Ta je wajen likitan unguwarsu, Dakta Ham, mutum mai fara'a wanda yakan ga marasa lafiya da yawa kafin azahar. Ya ɗora mata abin sauraron ƙirji ta saman riga.

"Mama, kina shan taba?"

"Ni? A'a, ko sau ɗaya."

"To ai shi ke nan. Ƙwannafi ne yake taso miki ya taɓa maƙogwaro. Ki rage yaji, kada ki kwanta da zarar kin ci abinci."

Ta buɗe baki za ta ambaci Mal-sun, sai ta ga hannunsa ya riga ya kai kan ƙararrawar kiran na gaba. Ta miƙe, ta sunkuya ta yi godiya.

Ta rage yaji. Ta sha maganin ya ƙare, ta koma. Wannan karon ya ce ƙurar bazara ce. Da ta sake komawa ya ce sauyin jikin mata ne in shekaru sun ja, ya ƙara da cewa tana yawan sa damuwa a ranta. Sau ɗaya ta yi ƙarfin hali ta ce, a hankali kamar mai roƙon gishiri a maƙwabta, "Likita, wata abokiyar aikina huhu ne ya kashe ta, ko akwai wani gwajin da ya fi wannan?"

Ya juyo da allon kwamfutarsa ya nuna mata hoton ƙirjinta na bara. "Kin gani? Tas. Mama, in kowa ya ji maƙwabcinsa ya mutu ya zo a yi masa babban hoto, ai asibitocin ƙasar nan sai su rushe." Ya yi dariya. Ita ma ta yi, don kada ya ji kunya.

Man-su kuwa kwalin taba guda yake sha a rana tun yana soja. Saboda haka ne hukumar inshorar lafiya ta aiko masa da gayyata, cewa shekarunsa da yawan tabarsa sun kai a yi masa babban hoton huhu, irin wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura, mai ganin abin da hoton ƙirji na yau da kullum ba ya gani. Ya jefa takardar kan firji.

"Ba inda za ni. Mutum yana zaman zamansa su tono masa ciwo."

"Baban Su-bin, don Allah ka je. Ba ka ga abin da ya sami Yaya Mal-sun ba?"

"Ita da ba ta sha ba ma ta mutu. To me ya rage?"

Wata biyu tana lallashi. A kan lafiyar wani, bakinta yana buɗewa. Ranar da ya yarda, ta ɗauki hutun rabin yini ta raka shi. Ya shiga, ita ta zauna a benci rungume da rigar sanyinsa, tana danne tari da hankici. Wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa, Ok-ran ta ɗan miƙe.

"'Yata, ni ma za a iya yi mini irin wannan?"

"Shekara nawa kika yi kina shan taba, Mama?"

"Ban taɓa sha ba."

"Kai, kin huta! Wannan na masu sha ne. Ke ai ba ruwanki."

Sakamakon Man-su ya fito fes. A bakin ƙofar asibitin ya kunna sigari don murna, ya busa hayaƙin sama. "Kin gani ko? Huhun jariri. Ke da ba ki sha ba ke ce ke damun mu da tari."

Ba da mugunta ya faɗa ba. Ta san haka.

Ƙarshen shekarar karatu ta gaba ta ajiye aiki. Kafaɗarta ta dama ta ƙi ɗaga kwandon suya, kuma in ta hau matakalar sito sai ta tsaya a tsakiya ta nemi numfashi. Aka yi mata ɗan biki a kicin, shugaban makaranta ya ba ta fure da tawul biyu, ya ce a duk shekarun nan ba a taɓa kawo ƙararta ba, ita ma ba ta taɓa kawo ƙarar kowa ba. Aka tafa.

Ba a yi wata huɗu ba sai ga wayar Seon-hwa.

"Yaya, kin ji labari? Ashe ba Yaya Mal-sun kaɗai ba ce. Masu dafa abincin makarantu da yawa ne a garuruwa daban-daban. An ce hayaƙin man suya ne. Yanzu za a yi wa duk wadda ta daɗe a aikin babban hoton huhu, kyauta. Ki kira ofishin ilimi."

Ok-ran ta kira. Wani saurayi mai ladabi ya ɗauka, ya tambayi sunanta da makarantarta, ta ji yana danne-danne.

"Ranki ya daɗe, na ga kin ajiye aiki."

"E, watannin baya kaɗan. Amma na fi shekara ashirin ina suya."

"Na gane. Sai dai shirin na ma'aikatan da ke kan aiki ne."

"To huhun nawa ya san na ajiye aikin?"

Maganar ta kuɓuce mata ne, ita kanta sai da ta firgita. Saurayin ya ce yana ba ta haƙuri ƙwarai, ba shi ya tsara ba. Ta ce ba komai, ta gode, ta ajiye wayar. Ta daɗe a tsaye tana kallon hannunta, duk tabon ƙunar mai, tsofaffi a kan tsofaffi.

Aka yi wa Seon-hwa hoton, ita da ko tari ba ta yi. Aka ga wani ɗan ɗigo a huhunta na hagu, bai kai ƙwayar wake ba. Aka yi mata aiki ta ƙananan huda, aka cire, likita ya ce ko maganin ƙari ba ta buƙata. Ranar da Ok-ran ta je duba ta, ta tarar da ita tana zagaya barandar asibiti tana tura sandar ƙarin ruwa, tana faɗa da mijinta a kan ya manta ya kawo mata matsefi.

Daga nan Ok-ran ba ta koma gida ba. Ta hau bas ta sauka a ƙofar Dakta Ham, ta karɓi lamba ta jira.

"A'a, Mama, tarin ne dai? Bari in canza miki maganin ƙwannafin."

"Babban hoto nake so a yi mini."

"Mun yi wannan maganar ai. Ba ki shan—"

"Na san ba na sha. Na gaji da faɗa." Ta damƙe jakarta da hannu biyu. "Shekara ashirin ina tsaye a kan tafasasshen mai. Wadda ke damana ta mutu. Wadda ke haguna an yanke mata huhu shekaranjiya. Ni ce ta tsakiya. Shekara biyu ke nan ina zuwa nan ina tari a gabanka."

Ya kai hannu kan ƙararrawa. "Mama, akwai mutane suna jira."

"Su jira. Ni ma na jira."

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta koma. Ok-ran ta ji kamar mahaifiyarta na tsaye a bayanta tana kallonta. Amma ba ta tashi ba. Likitan ya yi tsaki a hankali, ya jawo takarda.

"Tunda kin nace. Amma ki sani ke za ki biya, kuma za ki ga ba komai."

Da ta je biya a babban asibiti ta ga abin bai kai kuɗin tabar Man-su ta wata ɗaya ba. Ashe tun ranar da ta zauna a benci da rigarsa a cinya, da ta ce za ta biya da kanta, da an yi mata. Ba wanda ya gaya mata, ita kuma ba ta san ana sake tambaya bayan an ce a'a ba.

Shi kansa hoton bai ɗauki lokacin dafa ƙwai ba. Bayan mako guda wata likita mai gilashi ta zaunar da su ita da Man-su da Su-bin, wadda ta zo daga Seoul. An ga ƙullutu a huhun dama, a ɓoye a bayan inuwar zuciya, inda ƙaramin hoto ba ya kaiwa. Ya kai girman ƙwan kaza, ya kuma taɓa kaluluwar tsakiyar ƙirji.

Su-bin ce ta yi tambayar. "Da an gano shi shekara biyu da suka wuce fa?"

Likitar ta gyara gilashinta. "Ba zan iya rantsewa ba. Amma irin wannan a hankali yake girma. Mai yiwuwa da aiki kawai za a yi a wuce wajen."

Man-su ya tashi ya fita. Ta taga Ok-ran ta hango shi a filin ajiye motoci, ya ciro kwalin taba, ya dube shi, ya mayar aljihu, ya tsuguna a gindin wata mota ya rufe fuska.

Aka yi mata watanni ana ɗura mata maganin daji ta jijiya, ana gasa wajen da haske. Gashinta ya zube. Ita da ta ciyar da dubban 'ya'yan mutane, ko ƙamshin dafaffiyar shinkafa ta ji sai amai. Seon-hwa ta zo da kwalin lemo, ta yi ƙiba har ta yi haske.

"Yaya, likitana ya ce na yi sa'a. Ya ce da an ƙara shekara ɗaya da sai—" Ta kama bakinta.

"Ƙarasa mana."

"Yaya, ki yi haƙuri, ba haka nake nufi ba."

"Da sai ki zama ni. Faɗi, ai ba zagi ba ne."

Seon-hwa ta fashe da kuka. Ok-ran ta bar ta ta yi, ba ta lallashe ta ba. Tana son yarinyar, ita ta koya mata aiki, yarinyar ce kuma ta kira ta da labarin tun farko. Amma a wannan rana ta ji ƙyashin numfashinta, yadda take jan iska ta yi kuka son ranta ba tare da ta tsaya hutawa ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ita dai ta dafa, romon wasu suka sha.

Ƙungiyar ma'aikata ta taimaka mata ta nemi a amince cewa aiki ne ya jawo mata ciwon. Aka turo masu auna iska kicin ɗin. Sai dai kafin su zo an riga an cire tsohuwar fankar an sa sabuwa mai ƙarfi, an rage ranakun suya, an kawo tanda. Suka auna, suka rubuta cewa iskar ba ta da laifi. Har yanzu maganar tana gaban wani kwamiti.

Ciwon ya lafa, bai tafi ba. Bayan shekara da rabi ta ji wani sanyin ciwo a ƙugu. Wani matashin likita ya ce ai shekaru ne, kowa a sa'anninta yana ciwon baya. Ta ce ya rubuta a takardarta cewa ta nemi hoto ya hana, ya sa sunansa a ƙasa. A ranar aka yi hoton. Ɗan ɗigo ne a ƙashin baya, aka gasa shi tun bai ci ƙashin ba, shi ya sa har yau take tafiya da ƙafafunta. A sashen masu ciwon daji yanzu an san ta. In ta shigo, ma'aikatan jinya sukan haɗa ido, ta ji wata ta taɓa cewa ga mai rigimar nan ta zo. Ba ta ji daɗi ba, amma ba ta fasa ba.

Man-su yakan ce wa Su-bin a waya, "Uwarki ta canza. Da kamar ruwan sanyi, yanzu kamar barkono." Shi ke yin girki yanzu, dafaffe kawai, ba a suya a gidan.

Da rana, in ƙarfinta ya dawo, takan zauna kusa da taga ta kira matan da suka yi aikin kicin suka bari kafin a fara gwajin, waɗanda shirin bai haɗa da su ba. Wasu sun je. An sami ɗaya da ɗigo, an cire. Wasu sukan ce to, to, za mu je, ta san kuma ba za su je ba. Wadda ta fi ba ta wahala ita ce Chun-ja, da suka yi shekara goma tare a wajen wanke tire.

"Ok-ran, ki daina kirana a kan maganar nan. Lafiyata ƙalau."

"Seon-hwa ma lafiyarta ƙalau aka gani."

"To in an gani fa? Surukata tana kwance shekara uku, ni ke juya ta. Mijina ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. In suka ce in kwanta asibiti, wa zai riƙe gidan?"

"In kin mutu wa zai riƙe?"

"Tir da bakinki! Ke tunda ciwo ya kama ki kike bin mutane da mugun fata. So kike kowa ya zama irinki."

Ok-ran ta ja numfashi, abin da ya rage mata na ja. "Ranar Talata da safe ba layi. Zan zo in zauna da surukarki, ke ki je."

"Ke da ko matakalarmu ba za ki iya hawa ba?"

"Zan huta a hanya."

Chun-ja ta kashe wayar. Ranar Talata Ok-ran ta je duk da haka, Man-su ya ajiye ta a ƙofar ginin. Hawa huɗu ne, ba na'urar hawa, ta zauna a kowane hawa kafin ta ci gaba. Ta danna ƙararrawa. Ta ji motsi a ciki, ta ji an rage ƙarar talabijin, amma ba a buɗe ba. Ta zauna a kan matakala har ƙafafunta suka yi sanyi, sannan ta kama ƙarfen gefe ta fara sauka.